Gwamnatin Haɗaka a Birtaniya: Yadda Ake Kafa Mulki Idan Zaɓe Bai Ba Kowa Rinjaye Ba

Gwamnatin haɗaka ita ce wadda jam'iyyu biyu ko fiye suke kafawa tare, su raba kujerun ministoci, su kuma tsaya a kan manufa ɗaya a gaban majalisa. A Birtaniya ba kasafai ake ganinta ba. Tun da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, sau ɗaya tak aka yi irinta a Landan, daga 2010 zuwa 2015. Amma maganarta ta sake tasowa bayan zaɓen 4 ga Yuli 2024, inda manyan jam'iyyu biyu, Labour da Conservative, suka tashi da kashi 57 cikin ɗari kacal na ƙuri'un da aka kaɗa, alhali a zaɓen 1951 kusan kashi 97 suka haɗa tsakaninsu. Sauran ƙuri'un sun watsu zuwa Reform UK da Liberal Democrats da Green da jam'iyyun yankuna da 'yan indifenda. Ganin haka ya sa masu sharhi ke hasashen cewa zaɓe na gaba zai iya ƙarewa ba tare da kowa ya samu rinjaye ba.

Duk lokacin da aka taso da wannan batu, zantuka biyu ne ke yawo a bakin jama'a, a can Birtaniya da kuma tsakanin masu bin labaranta daga nesa. Na farko, cewa jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ce ta ci zaɓe, don haka duk wata yarjejeniya da za a ƙulla bayan an rufe rumfuna fashi ne da rana tsaka. Na biyu, cewa gwamnatin gamin gambiza ba ta ƙarko, kafin a je ko'ina ta watse. Tarihin ƙasar bai goyi bayan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wanda ake zaɓa a ranar zaɓe

Mutumin Birtaniya ba ya zaɓen firaminista. Takardar da ake miƙa masa a rumfa tana ɗauke ne da sunayen masu neman wakiltar mazaɓarsa, ɗaya daga cikin mazaɓu 650 da aka kasa Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Shi kansa shugaban jam'iyya, mutanen mazaɓarsa kaɗai ke ganin sunansa a takarda. Bayan an gama ƙidaya, Sarki ne ke gayyatar mutum ɗaya ya kafa gwamnati, kuma sharaɗin gayyatar guda ne: ya kasance majalisar wakilai za ta amince da shi. Ana gwada wannan amincewa ne lokacin da aka jefa ƙuri'a a kan jawabin Sarki, wanda ke zayyana shirin gwamnati, da kuma a kan kasafin kuɗi.

A lissafi, rinjaye na nufin kujeru 326. A aikace adadin ya ɗan yi ƙasa da haka, domin kakakin majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki, su kuma wakilan jam'iyyar Sinn Féin ta Ireland ta Arewa ba sa shiga zauren ko kaɗan, saboda sun ƙi yin rantsuwar mubaya'a ga gidan sarautar.

Babu wata doka da ta ce jam'iyya mafi girma ce dole za ta yi mulki. A zaɓen Disamba 1923 Conservative a ƙarƙashin Stanley Baldwin ta samu kujeru 258, Labour 191, Liberal 158. Baldwin ya ci gaba da riƙe ofis har ya fuskanci majalisa a Janairu 1924, aka kayar da shi a kan jawabin Sarki, sai Sarki George na biyar ya kira Ramsay MacDonald na Labour, wadda ta zo ta biyu, ya kafa gwamnati. Wannan ita ce gwamnatin Labour ta farko a tarihi, kuma halascinta bai taɓa zama abin shakka a wajen masana tsarin mulkin ƙasar ba.

Ƙuri'a daban, kujera daban

Abin da ke rikita mutane shi ne ɗaukar da suke yi cewa yawan kujeru hoton yawan ƙuri'u ne. A kowace mazaɓa, wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ke tafiya majalisa, ko da da ƙuri'a ɗaya ya ɗara na biyu, ko da kashi 30 kawai ya samu. Ƙuri'un sauran 'yan takara a nan suke ƙarewa, ba a tara su a wani wuri.

A ɗauka gasar kokawa ce aka shirya a garuruwa 650, kowane gari an ɗaure rago ɗaya ga wanda ya yi kayen ƙarshe. Wani ayarin 'yan kokawa ya tura mutanensa kowane gari, duk suka kai zagayen ƙarshe, duk aka kayar da su da ƙyar. Wannan ayari zai koma gida hannu rabbana, duk da cewa kowa ya shaida ƙarfinsa. Wani ayarin kuma bai leƙa ko'ina ba sai garuruwa hamsin na yankinsa, amma a can ba mai ja da shi. Shi zai kora raguna hamsin. In aka ƙirga raguna aka ce da su za a auna ƙarfi, an auna wani abu, amma ba a auna abin da 'yan kallo suka gani ba.

Alƙaluma sun nuna haka ƙarara. A 2015 jam'iyyar UKIP ta samu ƙuri'u kusan miliyan 3.9, ta tashi da kujera ɗaya. A zaɓen nan dai SNP, wadda ba ta tsayawa takara sai a Scotland, ta samu ƙuri'u ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, ta kwashe kujeru 56. A 2024 Reform UK ta samu ƙuri'u sama da miliyan 4 da kujeru 5, Liberal Democrats kuwa da ƙuri'u wajen miliyan 3.5 ta samu kujeru 72. Ita Labour, da kashi 33.7 cikin ɗari na ƙuri'u ta kama kujeru 411, kusan kashi biyu cikin uku na majalisa. Har ma akwai lokutan da lissafin ya kife gaba ɗaya: a 1951 Labour ta fi yawan ƙuri'u amma Conservative ta fi kujeru, a Fabrairu 1974 kuma aka samu akasin haka.

Tun daga 1945 babu jam'iyya ɗaya da ta taɓa samun rabin ƙuri'un ƙasar. Gwamnatin da jam'iyyun cikinta suka haura rabi ita ce ta haɗakar 2010, domin Conservative da Liberal Democrats sun tara kashi 59 tsakaninsu. Wanda ke kiran haɗaka satar ra'ayin jama'a, kamata ya yi ya fara bayyana yadda mulkin jam'iyya ɗaya mai kashi 34 ya fi mulkin jam'iyyu biyu masu kashi 59 wakiltar jama'a.

Hanyoyi uku idan ba mai rinjaye

Idan zaɓe ya ƙare ba mai kujerun da suka isa, firaminista mai ci yana nan a kujerarsa, kuma shi ke da damar fara gwada sa'arsa. Ƙasa ba ta kwana ba gwamnati, Sarki kuma ba ya tsoma baki a cinikin 'yan siyasa. Daga nan hanyoyi uku ne.

Ta farko, gwamnatin marasa rinjaye, wadda ke neman goyon baya a kan kowane ƙuduri daban. A zaɓen 28 ga Fabrairu 1974 Labour ta samu kujeru 301, Conservative 297. Firaminista Edward Heath na Conservative ya nemi jawo Jeremy Thorpe na Liberal, abin bai yiwu ba, ya sauka ranar 4 ga Maris. Harold Wilson na Labour ya kafa gwamnati ba rinjaye, ya lallaɓa har Oktoba, ya sake kiran zaɓe ya samu rinjayen kujeru uku.

Ta biyu, yarjejeniyar tallafi daga waje. Ƙaramar jam'iyya ba ta karɓar muƙami, amma tana alkawarin mara wa gwamnati baya a ƙuri'ar amincewa da ta kasafi, a biya ta da wasu buƙatu. Firaminista James Callaghan na Labour ya ƙulla makamanciyarta da David Steel na Liberal a Maris 1977, ta kai shi 1978. Bayan ta ƙare, ranar 28 ga Maris 1979, aka kayar da gwamnatinsa da ƙuri'a ɗaya rak, 311 da 310, abin da ya buɗe wa Margaret Thatcher ta Conservative ƙofa.

Ta uku ita ce cikakkiyar haɗaka. Birtaniya ta san ta a lokutan tsanani: a yaƙin duniya na farko ƙarƙashin Asquith daga 1915 da Lloyd George daga 1916, a rikicin tattalin arziki na 1931, da kuma a 1940 lokacin da Winston Churchill ya jawo Labour da Liberal, har Clement Attlee na Labour ya zama mataimakinsa daga baya. Waɗannan ma sun bar tabo. Jam'iyyar Liberal ta dare gida biyu saboda rigimar Asquith da Lloyd George, ba ta sake kafa gwamnati ba. MacDonald kuwa, da ya amince ya jagoranci haɗakar 1931, jam'iyyarsa ta Labour korarsa ta yi.

Shi kansa zauren majalisar a Westminster an gina shi ne don ɓangare biyu. Bencuna ne kore suna fuskantar juna, gwamnati a dama da kakaki, 'yan adawa a hagu, da jan layi a kan shimfiɗa gaban kowane ɓangare. Wurin zama bai kai na mutum 450 ba, ga wakilai 650. Da bam ɗin Jamus ya rushe zauren a 1941, Churchill ya dage a sake gina shi yadda yake. Siyasar da ta girma a irin wannan ɗaki ba ta saba da zaman tsakiya ba.

Kwanaki biyar na watan Mayu 2010

An yi zaɓe ranar Alhamis 6 ga Mayu 2010. Conservative ta David Cameron ta samu kujeru 306, Labour ta firaminista Gordon Brown 258, Liberal Democrats ta Nick Clegg 57. In aka haɗa Labour da Liberal Democrats 315 ke nan, ba su kai ba sai sun roƙi ƙananan jam'iyyun Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. In aka haɗa Conservative da Liberal Democrats kuwa 363 ne, rinjaye mai kauri. Lissafin da kansa ya nuna inda aka dosa.

Lokacin ma ba na jan ƙafa ba ne. Giɓin kasafin ƙasar ya haura fam biliyan 150, ga rikicin bashin Girka yana girgiza kasuwannin Turai a ƙarshen makon nan. Ranar Juma'a Cameron ya fito fili ya yi wa Clegg tayi. Aka zauna a ofishin majalisar ministoci da ke Whitehall, mutum huɗu daga kowane ɓangare: William Hague da George Osborne da Oliver Letwin da Ed Llewellyn daga Conservative, Danny Alexander da David Laws da Chris Huhne da Andrew Stunell daga Liberal Democrats. A gefe guda mutanen Clegg suna magana da Labour ma. Ranar Litinin Brown ya sanar cewa zai bar shugabancin jam'iyyarsa, ko hakan zai sauƙaƙa cinikin, amma manyan Labour da dama suka nuna ba sa so.

A kwanakin nan jaridar The Sun ta kira Brown ɗan kama-wuri-zauna a gidan firaminista mai lamba 10 da ke titin Downing, kuma mutane da yawa suka ɗauka. Zargin bai da tushe. Aikinsa ne ya zauna har a san wanda zai gaje shi, don kada a jefa Sarauniya cikin tsaka mai wuya. Da yammacin Talata 11 ga Mayu ya fito ƙofar gidan ya yi ban kwana, ya riƙo hannun 'ya'yansa maza biyu tare da matarsa Sarah suka taka zuwa mota, ya nufi fadar Buckingham ya miƙa murabus. Kafin a kwanta barci Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gayyaci Cameron. Washegari shi da Clegg suka tsaya gefe da gefe a lambun bayan gidan suna amsa tambayoyin 'yan jarida.

Masu cewa an ɓata lokaci sai su duba maƙwabta. Jamus ta shafe kusan wata shida kafin ta kafa gwamnati bayan zaɓen 2017. Beljiyam ta yi kwana 541 tsakanin 2010 da 2011. In akwai abin zargi a kwanaki biyar ɗin Landan, to gaggawa ce, domin mutanen da suka yi makonni suna yaƙin neman zaɓe ba barci ne suka tsara shirin mulkin shekara biyar a cikin ƙasa da mako guda.

Yadda aka zauna tare

Clegg ya zama mataimakin firaminista, jam'iyyarsa ta samu kujeru biyar a majalisar ministoci, ciki har da Vince Cable a ma'aikatar kasuwanci da Chris Huhne a ta makamashi. An buga yarjejeniyar a fili, aka kuma fitar da cikakken shirin gwamnati ranar 20 ga Mayu. Liberal Democrats ta kai ta gaban babban taronta a Birmingham aka amince. Manyan matsaloli kuwa, mutum huɗu ke warware su: Cameron da Osborne da Clegg da Alexander.

Kowa ya samu wani abu, ya kuma saki wani. Conservative ta samu abin da ta fi so, wato tsuke bakin aljihun gwamnati cikin hanzari. Aka zaftare kuɗin ƙananan hukumomi da na tallafin jin daɗin jama'a, aka ɗaga harajin kayayyaki daga kashi 17.5 zuwa 20 a Janairu 2011. Har yau ana jayayya a kan raɗaɗin da wannan ya jawo wa talaka. Liberal Democrats ta samu ɗaga adadin kuɗin shigar da ba a cire wa haraji daga fam 6,475 zuwa fam 10,600 a shekara, da ƙarin kuɗi ga makarantu a kan kowane ɗalibi ɗan gidan marasa hali.

Babban burinta dai shi ne sauya tsarin zaɓe, kuma a nan ta sha ƙasa. An yarda a yi ƙuri'ar raba gardama a kan wani tsari da mai zaɓe zai jera 'yan takara, na ɗaya, na biyu, na uku, in ba wanda ya kai rabi a cire na ƙarshe a rarraba ƙuri'unsa. Ranar 5 ga Mayu 2011 kusan kashi 68 suka ce ba sa so, kuma Cameron da kansa yana cikin masu yaƙar shirin. A 2012 'yan Conservative 91 suka yi wa ƙudurin gyaran majalisar dattawa tawaye har aka jingine shi. Clegg ya rama ta hanyar toshe sake shata mazaɓu, wanda zai rage kujeru zuwa 600 kuma ake ganin zai amfani Conservative. Zaman ya koma na doya da manja, amma ba wanda ya fice.

Alkawarin da ya karya jam'iyya

Kafin zaɓe, kowane ɗaya daga cikin wakilai 57 na Liberal Democrats ya sa hannu a takardar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa cewa zai ƙi duk wani ƙarin kuɗin jami'a. An ɗauki hotunansu riƙe da takardar, har da Clegg, kuma ɗalibai da yawa saboda ita suka zaɓe su. Yarjejeniyar haɗaka ta ba su damar ƙauracewa ƙuri'a a kan batun. Duk da haka, ranar 9 ga Disamba 2010, majalisa ta ɗaga iyakar kuɗin daga fam 3,290 zuwa fam 9,000 a shekara da ƙuri'u 323 da 302. Daga cikin 'yan Liberal Democrats 28 suka goyi baya, 21 suka ƙi, 8 ba su jefa ba. Ma'aikatar Vince Cable ce ma ta kawo ƙudurin. A waje dubban ɗalibai suna arangama da 'yan sanda, a daren har aka far wa motar Yarima Charles da matarsa a tsakiyar Landan.

Clegg ya nemi gafara a Satumba 2012, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A zaɓen 7 ga Mayu 2015 jam'iyyar ta faɗo daga kujeru 57 zuwa 8, ƙuri'unta daga kashi 23 zuwa ƙasa da 8. Da yawa daga kujerun da ta rasa a kudu maso yammacin Ingila, abokiyar zamanta Conservative ce ta kwashe su, ta samu 330 ta kafa gwamnati ita kaɗai.

A nan gizo ke saƙa. Laifin bai cikin zama teburi ɗaya da abokin hamayya, yana cikin yin alkawarin da mai yinsa ya san ba shi da ikon cikawa. Jam'iyyar da ba ta taɓa kusantar kujeru 326 ba ta san cewa in za ta ɗanɗani mulki, to da wani za ta ɗanɗana. Ya kamata ta ware wa masu zaɓe abin da ba za ta taɓa sayarwa ba da abin da za a iya ciniki a kansa. Su ma masu zaɓe ba su fita ba, domin takardar manufofi ta jam'iyya jerin abin da za ta yi ne in ta samu rinjaye, kuma wanda ya hana kowa rinjaye da ƙuri'arsa bai da hujjar mamakin cewa an yi rangwame.

Darasin 2017

Firaminista Theresa May ta Conservative ta kira zaɓen gaggawa ranar 8 ga Yuni 2017 tana neman ƙarin rinjaye don tattaunawar fita daga Tarayyar Turai, sai ta rasa wanda take da shi, ta tsaya a kujeru 317. Jam'iyyar DUP ta Ireland ta Arewa mai kujeru 10 ta ga abin da ya samu Clegg, ba ta shiga gwamnati ba. Ranar 26 ga Yuni ta sa hannu a yarjejeniyar tallafi daga waje, aka ba yankinta ƙarin fam biliyan ɗaya. Yadda irin wannan tsari yake aiki ya fito fili cikin kwana biyu a jere. Ranar 15 ga Janairu 2019 DUP ta bi sahun waɗanda suka kayar da yarjejeniyar May da Tarayyar Turai, da ratar ƙuri'u 230. Washegari ta mara mata baya a ƙuri'ar yankan ƙauna, gwamnati ta tsira da 325 da 306. An bar ta a kan kujera, amma an ɗaure mata hannu, har ta sauka a watan Yuli.

Batun rashin ƙarko

Haɗakar 2010 ta cika shekara biyar cur da firaminista ɗaya da ministan kuɗi ɗaya. Dokar 2011 da ta ƙayyade wa'adin majalisa ta taimaka, domin ta hana Cameron kiran zaɓe duk ranar da ya ga dama, kodayake an soke ta a 2022. A kwatanta da abin da ya biyo baya. Cameron ya yi murabus bayan ƙuri'ar raba gardamar 23 ga Yuni 2016 a kan fita daga Tarayyar Turai, daga nan May, sai Boris Johnson, sai Liz Truss, sai Rishi Sunak, duk daga jam'iyya ɗaya. A shekarar 2022 kaɗai an yi firaminista uku, Truss ta yi kwana 49, kuma duk a lokacin da Conservative ke riƙe da babban rinjayen da ta samu a 2019. Babbar jam'iyya ita ma haɗaka ce ta ɓangarori masu saɓanin ra'ayi. Bambancin shi ne nata cinikin a ɗaki ake yinsa, ba a buga shi a takarda kowa ya karanta.

A cikin Birtaniyar ma haɗaka ba baƙuwa ba ce in aka fita daga Westminster. Labour da Liberal Democrats sun mulki Scotland tare daga 1999 zuwa 2007. Labour da Plaid Cymru sun yi haka a Wales daga 2007 zuwa 2011. A Ireland ta Arewa kuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 ta wajabta raba mulki tsakanin ɓangarori biyun da ke rikici da juna. Majalisun waɗannan yankuna ana zaɓensu ne da tsarin da ke kusanta kujeru da ƙuri'u, shi ya sa rinjayen jam'iyya ɗaya ke wuya a can.

Najeriya ma da wannan tsari ta karɓi 'yancin kai. A zaɓen tarayya na Disamba 1959 jam'iyyar NPC ta ci kujeru 134 daga cikin 312, ta fi kowa amma ba ta kai rabi ba, kuma a yawan ƙuri'u NCNC da Action Group duk sun ɗara ta. NPC ta haɗa kai da NCNC, Abubakar Tafawa Balewa ya ci gaba a matsayin firaminista, Nnamdi Azikiwe ya riƙe shugabancin majalisar dattawa kafin ya zama gwamna janar, Obafemi Awolowo ya jagoranci adawa. Ƙa'idar da ta ba Balewa gwamnati ita ce ta ba Cameron: wanda majalisa za ta amince da shi.

Abin da ya rage a gyara

Raunin da ke tattare da lamarin a yau shi ne ɓoye-ɓoyen da manyan jam'iyyu ke yi kafin zaɓe. Kowace takan rantse cewa rinjaye take nema kuma ba za ta haɗa kai da kowa ba, ta kuma tsorata jama'a da haɗakar abokiyar hamayyarta. A 2015 Conservative ta lilliƙa hoton Ed Miliband na Labour a matsayin ɗan ƙaramin mutum da ke leƙowa daga aljihun Alex Salmond na SNP, har Miliband ya fito ya ce ba zai ƙulla komai da SNP ba. Irin wannan ya sa mai zaɓe ke shiga rumfa bai san da wa jam'iyyarsa za ta zauna ba, sai bayan ya jefa ƙuri'a. Clegg aƙalla ya faɗa tun kafin zaɓen 2010 cewa wadda ta fi ƙuri'u da kujeru ce zai fara saurara, kuma haka ya yi.

Ƙa'idojin kansu yanzu a rubuce suke. Littafin jagorar majalisar ministoci da aka buga a 2011, wanda Gus O'Donnell ya jagoranci shiryawa, ya bayyana cewa gwamnati mai ci tana da damar jira ta fuskanci sabuwar majalisa, ana kuma sa ran ta sauka in ta tabbata ba za ta samu amincewa ba kuma akwai wanda zai samu, sannan ma'aikatan gwamnati na iya taimaka wa jam'iyyun da ke tattaunawa ba tare da nuna ɓangaranci ba. Amma littafin jagora ne, kotu ba ta tilasta bin sa, kuma bai ƙayyade kwanakin tattaunawa ba. Wa'adin majalisar da aka zaɓa a 2024 zai cika a Yuli 2029, don haka dole a yi babban zaɓe kafin ƙarshen Agusta na shekarar, in ba a kira shi da wuri ba. Idan ƙuri'u suka ci gaba da rarrabuwa tsakanin jam'iyyu biyar ko shida, tsarin da aka gina don biyu zai iya ba jam'iyya ɗaya rinjaye mai yawa da ƙuri'u kaɗan kamar 2024, ko ya hana kowa kamar 2010 da 2017. A hali na biyun, waɗannan ƙa'idoji da hanyoyi ukun nan ne za a koma gare su.